Malam, Kujerar Ba Gadonka Ba Ce

Na karanta rubutun da wani malami ya yi makon jiya, inda yake cewa shugaban ma'aikata da ya saka ɗan yayarsa a aiki ba tare da jarrabawa ba, zumunci ya raya. Haba Malam! Zumunci da aljihun wa? Wanda yake son raya zumunci ya sayar da gonarsa ya ba yaron jari, ba mai ce masa kanzil. Gurbin aikin gwamnati kuwa amana ce, da harajin mai sayar da ƙosai ake biyan albashinsa.

Ka manta da Maris 2014? Dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowannensu don neman aikin Hukumar Shige da Fice, gurabe ba su kai 5,000 ba. Aka cusa su filayen wasa, aka yi turmutsutsu, rayuka suka salwanta a Abuja da Minna da Fatakwal. Waɗannan yaran ba su da kawu a ofis, takardunsu kawai suka riƙo cikin rana. Duk kujerar da aka miƙa ta bayan gida, ɗayansu aka ƙwace wa.

Ka kuma fake da sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999. Wannan sashe maganar daidaito tsakanin jihohi da ƙabilu yake yi, Malam, ban ga sunan gidan surukanka a ciki ba. In ɗan yayar nan ya cancanta, me ya hana shi zama jarrabawar tare da sauran?