Umdurman: Komawa gida da haɗarin lodin da ya wuce ƙima

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwace Khartoum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, iyalan da yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa suke ta komawa gida. Daga cikinsu akwai Hausawan da suka fake wurin dangi a Gadarif, Kasala da sauran garuruwan gabas. Mafi yawa sun tarar an wawashe gidajensu, shi ya sa mai komawa ke tafe da katifa, gado, buhun dawa da jarkokin ruwa, duk a mota guda.

A nan matsalar take. Tsadar mai da kayan gyara ta sa direba ba ya son tashi sai ya cika mota maƙil, fasinja kuma ba ya da kuɗin sawu biyu. Sai a jibga kaya a saman bas ko a bayan akori-kura, a ɗora mutane a kai. Ga hanyoyin da suka daɗe ba gyara, ga gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri an rusa ta tun Nuwamban 2023, abin da ya ƙara cunkoso a sauran gadojin Nilu.

Haɗarin yana da dalili sananne. Idan nauyi ya taru a sama, kwana ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya kifar da mota. Idan ya koma baya, tayoyin gaba ba sa kama ƙasa, sitiyari ya daina jin magana. Ƙa'idar Turai ta ɗaurin kaya ta ƙiyasta cewa taka birki da ƙarfi na iya tura kaya gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu. Tamfol da tsohuwar igiya ba za su riƙe wannan ba.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi da yawa: masu nauyi a ƙasa, a jingine su da kan bodi, a raba nauyi daidai dama da hagu, a toshe giɓi, a ɗaure da bel mai ƙarfi, a sake duba ɗaurin bayan tafiya kaɗan. Tukunyar gas da jarkar fetur kuma kada su hau tare da mutane.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ya san doka kaɗai ba ta isa ba. Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar ƙayyade nauyin manyan motoci tun 2005, amma har yau ana fama da aiwatar da ita. A Sudan da hukuma ke farfaɗowa daga yaƙi, nauyin ya fi komawa kan shugabannin tasha, 'yan kamasho da 'yan dako a wurare irin Kasuwar Libiya ta Umdurman. Su ke ganin mota kafin ta tashi, su ke da bakin cewa a sauke rabi. Iyalin da ya tsira daga harsashi shekara biyu bai kamata ya rasa rai a ƙarƙashin kayansa ba.