Martani: Shekara 18 Ba Ta Sauke Wa Uba Nauyi

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce da yaro ya cika shekara 18, uban da ya saki uwarsa ya gama biyan kuɗin ciyarwa. A ina ka samo wannan hukuncin? A Risala, uba na ciyar da ɗiya mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita, namiji kuwa har ya balaga, idan ba shi da nakasa. Dokar auren rajista ta 1970 ma shekara 21 ta ambata.

Yarinya ta gama sakandare, tana neman kuɗin JAMB, uwarta na tuyar awara a bakin titi, sai ka ba uban lasisin zamewa? Haba Malam! Matar ya saka, ɗiyarsa tana nan a wuyansa. Ka janye wannan magana.