Jirgin Bluebird da Darajar Mai Guduma

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, akwai wata mummunar ɗabi'a da ta kama mu, ita ce raina mai aikin hannu. Da yaro ya iya riƙon alƙalami, sai ya ga maƙeri da kafinta ba su isa ya gaishe su ba. To, ga labarin wani jirgin ruwa na tsere, ku auna da kanku.

Sunan jirgin Bluebird K7, na wani Baturen Ingila ne, Donald Campbell. Shi ba ya keta ruwa kamar kwalekwalen da muke gani a kogin Kaduna. In ya ɗauki gudu sai ya ɗaga cikinsa, wuri uku kaɗai ke taɓa ruwa, biyu a gaba, ɗaya a baya, inji irin na jirgin sama na ingiza shi. Cikin 1955, a tafkin Ullswater, ya yi gudun mil 202 a sa'a guda. Sau 7 yana yin gudun da babu jirgin ruwan da ya taɓa yi a duniya, har ya kai mil 276 a Ostareliya cikin 1964. Da irin wannan gudu, daga Kaduna zuwa Zariya, kimanin mil 50, tafiyar minti 11 ce.

Ran 4 ga Janairu 1967, a tafkin Coniston na Ingila, yana neman wuce mil 300, sai jirgin ya tashi sama, ya yi adungure, ya nutse da mai shi.

Duniya ta san sunan Campbell, ya kuwa cancanta, gama shi ya sa ransa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wa da ƙane, Ken da Lew Norris, su suka zana jirgin. Leo Villa, makanike, shi ya yi fiye da shekara 40 yana kwance inji yana ɗaurawa, tun daga kan uban, Sir Malcolm, har zuwa kan ɗan. Da ya yi sakaci da ƙusa guda, ina jaruntakar matuƙi za ta kai shi?

Bayan shekara 34 a ƙarƙashin ruwa, cikin 2001, aka tsamo jirgin a ragargaje. Masu guduma suka duƙufa a kansa shekara da shekaru, suna miƙe ƙarfe suna liƙewa, har ya sake gudu bisa ruwa cikin 2018. A 2024 aka mayar da shi gidan tarihi na Coniston.

Wani zai ce ai wannan aikin masu dukiya ne. To, Ken Warby na Ostareliya fa? A bayan gidansa ya harhaɗa jirginsa da katako da tsohon inji, ya yi mil 317 cikin 1978, har yau kuwa ba wanda ya tsere masa.

Saboda haka shawarata ita ce, duk ɗalibin da ya koyi lissafi a aji, ya leƙa kasuwar Panteka ya ga masu sarrafa ƙarfe. Ya durƙusa ya gaishe su, ya tambaya, ya karɓi guduma ya gwada. Su suna da hannu, mu muna da lissafi. Ranar da aka haɗa biyun, ƙasarmu za ta ƙera abinta da kanta. Allah ya nuna mana ranar, amin.