A Fita da Ɗalibai Su Ga Kawalwalniya

Duk direban da ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri da tsakar rana a watan Afrilu ya san ruwan nan da ke kwance a kan kwalta can gaba, wanda ko an taka mota ba a cim masa. Mutane da yawa sun ɗauka zafi ko ƙishirwa ne ke ruɗa ido, alhali kyamarar waya ma tana ɗaukar hoton kawalwalniya, kuma waya ba ta jin ƙishirwa. Haske ne na gaskiya yake isowa ido ta karkatacciyar hanya. Abin takaici, ɗalibanmu na sakandare suna haddace dokar lanƙwasar haske daga allo ba tare da an haɗa musu ita da abin da suke gani kullum ba.

Baƙar kwalta tana shan rana har zafinta ya kan haura digiri 60, sai ta gasa siririn iskar da ke manne da ita. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, haske kuma ya fi sauri kaɗan a cikinta. Idan hasken da ya taso daga sararin sama ya gangaro a kwance zuwa titi, gefensa na ƙasa yakan riga na sama, sai ya lanƙwaso sama, kamar amalanken da sa ɗaya ya fi ɗan uwansa ja. Ƙwaƙwalwa ta saba da haske mai tafiya a miƙe, don haka sai ta ajiye hoton sama a ƙasa. Motar da ke tahowa ma akan ga hotonta a kife, iskar kuma tana motsi, hoton yana rawa. Me ya rage a ce ruwa ne? Lanƙwasar ba ta kai digiri ɗaya na kusurwa ba, shi ya sa sai daga nesa ake gani, da an matso ya ɓace.

Wani zai ce jarrabawar WAEC da NECO lissafi suke tambaya, kuma da Turanci. Haka ne, amma yaron da ya gane dalilin da ya sa abu ke faruwa ya fi riƙe lissafinsa. Makarantun da ke kukan rashin kayan gwaji kuwa, ga gwaji nan kyauta a bakin titi duk bazara. Wasu kuma na ganin bayanin kimiyya yana rage wa abu kwarjini, tunda Alƙur'ani ya buga misali da kawalwalniya a Suratun Nur, aya ta 39. Ni ban ga saɓani ba. Wanda ya san dalilin da ya sa ba a taɓa isa gare ta ya fi kowa jin nauyin misalin. Ilimin ma ba baƙo ba ne. Ibn Sahl ya rubuta dokar lanƙwasar haske a Bagadaza wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin Snell, wanda ake kiran dokar da sunansa, sannan Gaspard Monge ya bayyana kawalwalniya bayan sojojin Napoleon sun sha wahalarta a hamadar Masar a 1798.

Malaman kimiyya, kafin damina ta sauka, ku fitar da ɗalibai bakin kwalta da azahar, ku yi musu bayani da Hausa, sannan a koma aji a yi lissafin.