Yadda Rashin Hadarin Bazara Ya Jawo Fari A Tsakiyar Amurka A Shekarar 2012

A watan Mayu na shekarar 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar Amurka ta ba da sanarwa cewa a wannan shekara a na sa ran masarar da ba a taɓa samun irinta ba. Ta ƙiyasta ko wace eka za ta ba da bushal 166. Bushal mudu ne nasu, huɗu ke cika buhu mai kilo 100, watau kamar buhu 42 ke nan a eka guda. Da kaka ta yi aka auna, sai aka sami bushal 123 kaɗai, buhu 31. Ya kamata malamai su san abin da ya cinye sauran, gama fari ne na wani iri dabam, wanda ya faɗo farat ɗaya ba wanda ya hango shi.

Sai mu fara da yadda ruwa ya ke zuwa musu. Tsakiyar Amurka fili ne shimfiɗaɗɗe, nesa da teku. Idan sanyi ya wuce bazararsu ta shiga, daga Maris zuwa Mayu, sai iska mai ɗumi mai laima ta taso daga Tekun Meziko ta nufi arewa, wata kuma mai sanyi ta gangaro daga wajen Kanada. Inda suka yi karo nan hadari ke haɗuwa, a yi ta tsawa da walƙiya, ruwa ya sauka. Wannan ruwa shi ke jiƙa ƙasa har can ciki, shi ne kuwa guzurin shuka na watannin zafi.

To, a 2012 watan Maris ya zo da ɗumin da ba su taɓa aunawa ba a irin wannan wata. Manoma suka yi murna, suka yi shuka da wuri, ba su san ɗumin nan yana tsotse laimar ƙasa ba. Sa'an nan a ƙarshen bazara hanyar da hadari ya saba bi ta gusa can arewa, iskar teku kuma ba ta hau kamar yadda ta saba ba. Da Yuli ya kama, sai wata iska mai nauyi ta zauna bisa ƙasar kamar murfin tukunya, ta hana gajimare tashi. Hadari ya yi wuya, wanda ya haɗu ma sai ya yi yayyafi ya watse.

A nan ne abin lura ya ke. Jiƙaƙƙiyar ƙasa idan rana ta buge ta, tururi ke tashi, tururin nan kuwa shi ke taimakon hadarin gobe. Busasshiya ba ta da abin da za ta bayar, sai zafin ya koma cikin iska, iskar ta ƙara busar da ƙasa. Ashe rashin ruwan Mayu shi ya haifi zafin Yuli, zafin kuma ya sami masara daidai lokacin da ta ke fid da kai za ta yi goyo. A jihohi shida, watau Kansas da Nebraska da Ayowa da Mizuri da Kolorado da Wayomin, ruwan da aka auna daga Mayu zuwa Agusta shi ne mafi ƙaranci tun da aka fara rubutawa a 1895. Ko shekarun ƙura na 1934 da 1936, waɗanda suka kori dubban manoma daga gonakinsu, sun fi shi ruwa. Kafin ƙarshen Satumba kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar yana cikin fari.

Me ya sa masana ba su yi gargaɗi ba? Hukumar duban yanayi ta ƙasar, wadda a ke kira NOAA, ta sa aka bincika, aka fitar da rahoto a watan Afril na 2013, a ƙarƙashin wani masani Martin Hoerling. Masu duba su kan dogara ne ga zafi ko sanyin ruwan Tekun Fasifik, domin shi ba ya sākewa da sauri. Sanyinsa ne ya taimaka wajen jawo farin jihar Teksas a 2011. Amma a bazarar 2012 tekun bai nuna wata babbar alama ba. Rahoton ya ce jujjuyawar iska ce kawai irin wadda a kan yi, ba a iya ganinta tun da watanni. Waɗansu masana, kamar Kevin Trenberth, ba su yarda ba, suka ce an raina hannun ɗumamar duniya a ciki. A ganinmu gardamar ba ta sāke kome ba ga manomi: duban da aka fitar a Afril bai ambaci wannan fari ba.

Wa ya ɗauki nauyin hasarar? Abin mamaki, ba mai gonar masara ba ne ya fi jin jiki. Yawancinsu suna da inshorar amfanin gona, wadda Gwamnati ke biya musu fiye da rabin kuɗinta, aka kuwa raba wa manoman ƙasar gaba ɗaya, masu masara da masu sauran amfanin gona, fiye da dala miliyan 17,000. Banda wannan, kuɗin masara ya hau har ya wuce dala 8 a bushal cikin Agusta, wanda ya sami ɗan abu ya sayar da tsada. Makiyaya su ne suka sha wuya. Ciyawa ta ƙone, abincin dabbobi ya yi tsada, dokar da ke ba su agaji kuwa wa'adinta ya ƙare tun 2011. Dole suka yi ta sayar da shanu, har a Janairu 2013 aka ƙidaya miliyan 89, garken da bai taɓa yin ƙanƙanta haka ba tun 1952. Kogin Misisipi ma ya janye, jiragen dakon hatsi suka rage kaya, sai da injiniyoyin soja suka fasa duwatsun da ke gindin kogin a jihar Ilinoi.

Sauran nauyin ya tsallaka teku. Bankin Duniya ya ce tsakanin Yuni da Yuli kuɗin masara da na alkama ko wanne ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Alkamar Kansas an riga an girbe ta kafin fari ya tsananta, amma kuɗinta ya bi na masara, Nijeriya kuwa a lokacin tana cikin manyan masu sayen alkamar Amurka domin fulawar burodi.

Da bazarar 2013 ta zagayo, ruwa ya yi ta zuba a Ayowa har ya hana shuka da wuri, Misisipi ya yi ambaliya, masarar wannan shekara kuwa ta fi ta duk shekarun da suka gabace ta. Shanu ba su farfaɗo da sauri haka ba, gama saniyar da aka yanka ba ta haihuwa. Garken ya ƙara raguwa a 2014, nama ya yi tsadar da ba su taɓa gani ba kafin nan.