Sharhi: Wace Irin Kwamfuta Ɗan Kasuwa Ke Bukata, Kuma Wa Zai Tsara Masa Ita?

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da manhajar Windows 10, wadda ya fito da ita tun cikin 2015, kuma a wannan rana ce ya yi sallama da Office 2016 da Office 2019. Kwamfutar da ke ɗauke da waɗannan manhajoji za ta ci gaba da tashi ta yi aiki kamar jiya, sai dai duk wata sabuwar kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikinta, ba za a ƙara aiko da abin toshe ta ba, in ba ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi ba. Wannan al'amari ya ajiye tambaya a gaban duk ɗan kasuwar da ke da kwamfuta a kanti ko a ofis, wato wace irin na'ura zai saya, kuma nawa ya kamata ya kashe a kanta.

Idan ya ɗauki wannan tambaya zuwa Computer Village da ke Ikeja, ko Banex Plaza a Abuja, ko kuma Farm Centre a Kano, amsar da zai samu ita ce ta mai sayarwa, wanda abincinsa ke cikin sayar da abin da ke kan kantarsa. Wannan ba laifi ba ne, haka ciniki ya gada. Amma mai saye ne ya kamata ya san aikin da zai ba na'urar kafin ya taya. Gaskiyar magana ita ce yawancin ƙanana da matsakaitan 'yan kasuwa suna zuba kuɗi a kan ƙarfin injin da ba za su taɓa amfani da shi ba, sa'an nan su yi ƙoron ɗan abin da za su biya mutumin da zai tsara masu lissafi a cikinta, alhali kuwa a nan ne ribar take, a nan ne kuma haɗarin yake.

Ba ƙaramin kuɗi ake magana a kai ba. Kafin watan Yuni na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Da yake Nijeriya ba ta ƙera kayan cikin kwamfuta, hatta waɗanda ake harhaɗawa a gida daga waje ake shigo da sassansu, to duk kuskuren da aka yi wajen saye da dala ake biyansa.

Domin a fahimci abin da ake saye, ana iya kwatanta kwamfuta da shago. Furosesa ita ce yaron shago mai kai da kawowa. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu sayarwa ke kira RAM, ita ce teburin da ake baza kaya a kai lokacin ciniki. Ma'ajiya kuwa ita ce sito. Idan tebur ƙarami ne, sito kuma yana da nisa, kome zafin naman yaro sai mai saye ya jira shi, domin rabin lokacinsa a hanyar sito zai ƙare. Wannan shi ne ciwon akasarin kwamfutocin da ake kuka da nawarsu. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai mai juyawa tana karanta abin da bai wuce megabait 100 da 'yan kai ba a daƙiƙa, yayin da ma'ajiya irin ta SSD, ko da mai araha ce, take karanta wajen 500, kuma ba ta ɓata lokaci wajen lalubo fayil. Sau da yawa sauya ma'ajiya da ƙara RAM zuwa gigabait 8 kan mayar da tsohuwar na'ura tamkar sabuwa, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwa ba.

Sai dai ita ma RAM ta yi tsada a kasuwar duniya daga ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta wawurar abin da Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka suke ƙerawa, kuma waɗannan ukun ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar. Saboda haka wanda gigabait 8 ya ishe shi ba shi da dalilin biyan kuɗin 32. Haka kuma ya dace a tambaya ko RAM ɗin na'urar na cirewa ne ko an like shi a jikin allo, domin wanda aka like ba ya ƙaruwa.

Alal misali, a ɗauki dillalin hatsi da ke rubuta ciniki 200 a kowace rana, kwana 300 a shekara. Layi 60,000 ke nan. Shafi ɗaya na Excel, tun daga fitowar 2007, yana ɗaukar layi 1,048,576, wato cinikin shekara 17 da ɗoriya. Irin wannan aiki, da rubuta wasiƙa, da buga rasit, da shiga shafin banki, ba ya bukatar na'urar da aka ƙera domin masu zanen gine-gine ko masu tace finafinai. Waɗannan su ne masu bukatar gigabait 16 zuwa sama da katin hoto na musamman, kuma galibinsu sun riga sun san haka.

Inda aka fi yi wa rogo ganin kitse shi ne wajen tambarin da ke like a jikin na'ura. Jama'a sun ɗauka cewa duk abin da aka rubuta wa i7 ya fi i5, alhali lambar da ke biye ita ce ke faɗin zubin da furosesar ta fito. Furosesa mai lamba i7-4600U zubi na huɗu ce, ta shekarar 2013, kuma injina biyu ne a cikinta. Ita kuwa i5-8250U zubi na takwas ce, ta 2017, tana da injina huɗu, kuma ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba. Daga zubi na goma ne lambobi biyu na farko suka zama su ne alamar. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ba ta amince da mafi yawan furosesocin Intel da suka gabaci zubi na takwas ba, kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da RAM aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64. Akwai dabarar da ake yi a cusa Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba, kuma mai saye zai ga allo ya nuna masa sabuwar manhaja ya yi murna, amma Microsoft ya riga ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin aika wa irin wannan na'ura gyare-gyare ba. Sayen 'yar gwanjo ba aibi ba ne, hasali ma ita ce ta fi dacewa da aljihun mutane da yawa, muddin an duba lambar kafin a ƙirga kuɗi.

Wanda ke ganin zancen tsaro tsoratarwa ce kawai, sai ya tuna watan Mayu na 2017, lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin da ba a sabunta ba a ƙasashe sama da ɗari, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka riƙa sallamar marasa lafiya. Ga masu son riƙe Windows 10, Microsoft ya buɗe shirin ƙarin wa'adi, inda ya tsayar wa masu amfanin gida ranar 13 ga Oktoba 2026, kamfanoni kuwa ya yanka masu dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa har shekara uku. Jimla dala 427 ke nan, wato fiye da Naira 640,000 in an lissafa a kan 1,500, kuɗin da ya kamata a auna shi da farashin wata na'urar kafin a biya. Tsohuwar da ba ta cancanci Windows 11 ba kuwa ba sai an jefar ba, ana iya sa mata Linux da LibreOffice, waɗanda kyauta ne, ta ci gaba da buga takardu.

Batun lantarki ma yana cikin lissafi, ko da yake ba a cika sa shi ba. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Kwamfutar tebur da allonta kan ci wuta ninki biyu ko uku na kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma wannan ta biyun tana da batir, ba ta mutuwa a tsakiyar lissafi idan an ɗauke wuta.

To, an sayi na'ura, saura wanda zai sa ta yi aiki. Abin da aka saba gani shi ne mai shago ya kira wani ɗalibi, ɗan ƙanensa ko ɗan maƙwabci, ya ce ya haɗa masa jadawalin da zai riƙa nuna kayan da suka rage a sito da bashin da ake bin kowane abokin ciniki. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sa kalmar sirri, a sallame shi da kuɗin mota. Bayan wata shida ya tafi bautar ƙasa, ranar da jadawalin ya cije babu wanda ya san yadda aka gina shi. Attajirin da ba zai taɓa barin makullin sitonsa a hannun baƙo ba, sai ga shi ya bar makullin littafin bashinsa a aljihun wanda ke wata jiha.

Kada kuma a ɗauka cewa kuskuren jadawali na marasa ilmi ne. A shekarar 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa binciken da ya nuna cewa bunƙasar ƙasa na durƙushewa idan bashinta ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa, kuma 'yan siyasa a Turai da Amurka sun kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon ya karɓi jadawalinsu na Excel, ya tarar cewa wajen fitar da matsakaici an tsallake layukan ƙasashe biyar. Haka nan a 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta yi ɓatan sakamakon gwajin korona kusan 16,000, dalili kuwa an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. A duka biyun na'urorin lafiyarsu lau, ba su kuma rasa ƙarfi ba.

Saboda haka ya wajaba ɗan kasuwa ya ɗauki aikin tsara manhaja kamar yadda yake ɗaukar aikin akanta ko lauya, ya biya kuɗi na mutunci, kuma a rubuta yarjejeniya. A ciki a bayyana cewa fayil da kalmar sirri da asalin rubutun manhajar mallakarsa ne, mai aikin zai koya wa mutum biyu na shagon yadda ake sarrafa ta, zai kuma bar bayani a rubuce cikin harshen da suke ji. Kafin a biya cikon kuɗi, a ɗauko cinikin wani watan da ya wuce wanda aka riga aka san jimlarsa a littafi, a shigar, a ga ko na'ura za ta ba da amsa ɗaya. Sa'an nan a riƙa kwafar fayil ɗin kowane mako a ajiye a wani wuri dabam da shagon, domin gobarar kasuwa ba ta tambayar zubin furosesa.

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sauƙaƙa wannan fanni. Mutum na iya bayyana abin da yake so da kalmomi, a rubuto masa dabarar lissafin da zai sa a Excel, kuma da yake aikin a manyan na'urorin kamfanin ake yinsa, ba ya bukatar kwamfuta mai tsada, intanet kawai yake bukata. Amma waɗannan manhajoji suna yin kuskure, kuma da gadara suke faɗinsa kamar yadda suke faɗin daidai, don haka gwajin tsohon wata ya hau kansu su ma. Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Ana iya neman taimako da sunaye da lambobi na ƙage, ba sai an zuba ainihin sunayen masu bashi da lambobin wayarsu a shafin wani kamfani na ƙetare ba.

A ƙarshen 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da 'yan Nijeriya miliyan uku a fannin fasaha. Burin matasa da yawa da ke shiga irin wannan horo shi ne samun aikin kamfanonin ƙetare mai biyan dala, kuma ba za a ga laifinsu ba. Amma akwai aiki jibge a Mile 12 da Alaba da Kantin Kwari da Dawanau, wanda ba ya bukatar komai sai wanda ya iya Excel sosai, ya san yadda ake rubuta bashi, yana kuma da amana. Shago ɗaya ba zai iya ɗaukar albashin irin wannan mutum ba, amma shaguna talatin za su iya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka saba haɗa kuɗi su ɗauki masu gadi da masu shara, suna iya ware ɗaki guda a cikin kasuwa, su ɗauki matasa biyu ko uku a kan albashi, aikinsu shi ne raka mamba wajen sayen na'ura su duba masa lambar furosesa, su tsara jadawali iri ɗaya da kowa zai yi amfani da shi, su kuma ajiye kwafin bayanin yadda aka gina shi a ofishin sakataren ƙungiya.