Ra'ayinmu: Kar mu raina yaron da ya zaɓi ɗakin bincike

Duk shekara in sakamakon jarrabawar bak ya fito, hira ɗaya ce a rumfunan kasuwa, daga Maraɗi har Damagaram: yaro ya ci, to sai ina? Uwa tana son likita, uba yana son aikin duwan. In yarinya ta ce ita aikin labo take so, wato ɗakin binciken kimiyya, sai a taɓe baki, a ce wankin kwalabe za ta ƙare da shi. Mu a ganinmu wannan kuskure ne, kuma labarin wani maganin ciwon dajin mama ya ishe mu shaida.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Ma'aikatan da ke cikin kowace ƙwaya su ne sinadaran da ake kira furotin, kuma iri-irinsu dubbai ne. Akwai wani mai suna HER2 da ke zaune a bayan ƙwaya, yana ba ta umurnin ta hayayyafa. A cikin mata 5 masu ciwon dajin mama, kusan 1 tana da wannan furotin fiye da ƙima a ƙwayoyin ciwon. A 1987 wani likita a Amurka, Dennis Slamon, da abokan aikinsa suka nuna cewa irin wannan ciwon ya fi saurin yaɗuwa. Kamfanin Genentech na jihar Kaliforniya ya haɗa maganin da ke manne wa HER2 ya hana shi aiki. Sunansa Herceptin, an amince da shi a 1998, kuma ya ceci mata da yawa waɗanda a da sai dai a yi musu addu'a.

Sunan manyan masana ake ji. Amma a bayansu akwai masu tace furotin, kuma babu wanda ya fi matan kasuwa sanin darajar irin aikinsu. Mai man gyaɗa ta san sai an soya, an niƙa, an matsa, an tace, kafin mai ya rabu da tunkuza, kuma in ta yi sakaci a mataki ɗaya, kwalba duka ta ɓaci. To, haka yake a can. Mai neman sabon magani yana bukatar furotin ɗin da ke haddasa ciwon a hannunsa, shi kaɗai, ba gauraye da dubban ƴan uwansa ba, don ya ga siffarsa, ya gwada abin da zai kama shi. Mai tacewa shi ke fasa ƙwayoyin, ya juya ruwan a na'ura har dusa ta kwanta, sannan ya bi da shi ta cikin bututu mai cike da ƙananan tsakuwoyi na musamman waɗanda ke riƙe abin da ake so su saki saura. Sau da yawa a ɗakin sanyi mai digiri 4 ake aikin, don zafi yana lalata furotin. Mutum zai yi makonni yana fama, abin da zai samu bai kai ɗan gishirin da ake ɗauka da yatsa biyu ba. In kuwa bai tatu da kyau ba, duk gwajin da aka yi da shi ya tashi a banza.

Shi kansa Herceptin furotin ne. Ba a haɗa shi kamar farasitamol. Ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda asalinsu daga wata dabba ce mai kama da ɓera, su ake kiwo cikin manyan tankunan ƙarfe, su ke fitar da maganin a cikin ruwan da suke zaune. Daga nan sai masu tacewa su karɓa, mataki bayan mataki, har ya yi tsabtar da za a iya sa shi a jijiyar marar lafiya. Wannan wahalar tana cikin dalilan tsadarsa. A watan Disamba na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kuɗin maganin na asali yakan kai dalar Amurka 20,000, wato sama da miliyan 11 na sefa a lokacin. Wace mai sayar da ƙuli-ƙuli ce za ta iya?

Ga inda muke son ƴan kasuwa su kasa kunne. A 1978 wata budurwa ƴar Indiya, Kiran Mazumdar-Shaw, ta buɗe kamfanin Biocon a garejin gidan haya a birnin Bangalor. Cikin kayan da ta fara da su akwai wani furotin da ake tatsowa daga gwanda. Gwanda dai, irin wadda ake kasawa a bakin tasha. Da sannu kamfanin ya tara ma'aikatan da suka ƙware a tacewa, har a 2014 shi da kamfanin Mylan suka fitar da kwatankwacin Herceptin a Indiya, a 2017 kuma Amurka ta amince da shi. Wani kamfanin Koriya ta Kudu ma ya yi nasa, kuma shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara tantancewa a 2019, tana cewa irin waɗannan sukan fi na asali arha da kashi 65 cikin 100. Kowane ɗan kasuwa ya san dokar: in mai kaya ɗaya ne a kasuwa, shi ke yanka farashi, in masu kawowa suka yi yawa, dole ya sauko. Ƙasar da ta horar da yaranta ita ta karya farashin, ba roƙo ba.

Mu nan Nijar fa? Ciwon dajin mama da na bakin mahaifa su ne kan gaba wajen addabar mata. A 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin ciwon da na'ura, abin da a da sai an fita waje. Amma ko an kawo Herceptin kyauta, ba kowace mace zai yi wa amfani ba. Sai an ɗebi ɗan naman ciwon an auna a labo an ga ko mai HER2 ne. Wanda ke wannan awon, da mai tace furotin a Bangalor, tushen karatunsu ɗaya: ilimin halittu da na sinadarai. Ana koyar da su a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kuma mai bak D yana da hanyar shiga.

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo: shekara 3 na lisans, 2 na masta, wani ma har dakta. Manyan guraben aikin tace furotin suna Amurka, Suwis, Indiya da Koriya, don haka wasu yaran za su yi nisa da gida, kuma kuɗi ba ya shigowa da sauri kamar na fatauci. Sai dai duk wanda ya taɓa raka ƴar uwarsa asibiti, ya sayar da gona ko ya karya jari saboda magani, ya san abin da rashin irin waɗannan ma'aikata ke ci mana.

Kiranmu ga iyaye: in yaro ko yarinya ta nuna son wannan fanni, a ƙarfafa mata gwiwa, kar a cire ta don aure ko tsaron shago. Ga manyan ƴan kasuwa: mai iya ɗaukar nauyin kujerar Makka ga wani, yana iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya. Ga hukuma: labo marar wuta da firji da kayan awo ba ya horar da kowa. Ga mata kuma, kafin yaranmu su kai can: wadda ta ji ƙullutu a mamanta ta je asibiti tun yana ƙarami, kar ta tsaya shafe-shafe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa karatun yaranmu albarka.